Minti Uku na Tsami

Shekara arba'in da ɗaya ina noman lemun tsami
a gangaren Abola, cikin tsibirin Sisili,
inda iskar teku ke barin gishiri a bayan ganye.
Ban taɓa kawowa a raina ba
wata rana za a shayar da saiwata abin da nake sayarwa.

A Sirakusa, hawa na biyu, saman shagon mai gyaran agogo,
Likita Ornella Bellomo ta ce in kwanta.
Allura biyu, leɓena ya zama na wani.
Ta ɗage dasashi a hankali,
ta leƙa, ta yi shiru irin na mai duba gonar da aka yi wa sakaci.
"Saro Midolo," in ji ta, "ƙashin nan ya ja da baya.
Haƙorin lafiya lau, ƙasarsa ce ta zaizaye."
Na so in ce na san wannan magana,
na ga ruwan Nuwamba ya tone gindin itace,
amma bakina cike yake da ƙarfe da auduga.

Ta kankare. Na ji ƙarar a ƙoƙon kai,
ƙir, ƙir, kamar ɓera a rumbu.
Na ɗauka an gama. Ashe da saura.
Ta ce kankara tana barin tata dauɗar,
wata 'yar yana da ido ba ya gani,
garin haƙori da ya liƙe, ya toshe ƙananan ƙofofi,
kuma nama ba ya kama bangon da aka shafe.

Sai Nunziya ta miƙo ɗan kofi.
Ƙamshi babu, launi babu,
amma ɗigo guda ya kuɓuce zuwa gefen harshe
inda allura ba ta kai ba,
na gane shi kamar muryar ɗan'uwa a cikin duhu.
Tsami! Tsamin gidanmu,
an tace shi, an cire masa rana da ɓawo,
an sa masa suna irin na makaranta.

Minti uku, in ji ta, ba ƙari.
Kaɗan ba ya wankewa, da yawa yana ci.
Ta riƙa goga 'yar auduga a jikin saiwa,
tana canza ta, idonta na kan agogo,
ni kuwa ina ƙirga tabon silin.
A ƙarƙashin yanar, wai, akwai zaruruwa kwance,
sirara fiye da gashin masara,
tsami ke tashe su, su miƙo hannu,
jini ya zo ya riƙe, nama ya biyo jini.

Nan na tuna babana da wuƙarsa mai ƙotar zaitun,
ranar da ya koya mini auren itace:
fere reshe har ka ga kore mai danshi,
kada yatsa ya taɓa wurin, kada ƙura,
haɗa rai da rai, ɗaure, ka tafi.

Ta wanke da ruwan gishiri, ta hana miyau kusantowa,
ta mayar da dasashi, ɗinki biyar.
Na tambaye ta da rabin baki, zai kama?
Ba ta yi mini alkawari ba.
Ta ce masana ma sun rabu a kan tsamin nan,
wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba,
sauran aikin na jikina ne, da burushi, da barin taba.
Na ji daɗin amsar. Haka babana ke cewa.

Yau kwana tara. Ina tauna da hagu.
Da safe na je wurin reshen da na aura a Maris,
igiyar na nan, ta yi fari.
Hannuna ya kai zai kwance ya duba,
harshena ma ya nufi ɗinkin,
na tsayar da su duka biyun.